Abin da Ya Cinye Bututun Baba

Wudil,
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Da farko ina neman afuwarki da na ɗora miki karatun takarda a kan hidimar da kike ciki. Na san hannunki ba ya hutawa a Azare. Sai dai a waya ba na samun jera magana yadda ta kamata: kafin in kai dalili na biyu, kin riga kin yanke hukunci a kan na farko. Saboda haka na koma ga biro, kuma Garzali direba, mai lodin Azare, ya yi alkawarin miƙa miki wannan hannu da hannu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikin Ummi? Yaya kumburin ƙafar nan da kika ambata? Ina fata tana cin abinci, tana kuma kwanciyar da likita ya umarta. Ke ma yaya ciwon bayanki? Ki gaishe mini da mijinta Saifuddeen, ki ce na yaba da ɗawainiyarsa. Ni nan lafiya ƙalau, ruwa ya ɗauke, ana ta cirar gyaɗa. Maƙwabciyarmu Bilkisu mai rini tana gaishe ki. Ta aiko tana tambaya ko kin bar mata saƙon da kika saba ba ta, na ce ban san da wani saƙo ba.

Na ji sharaɗin da kika gindaya ranar Asabar, na kuma rubuta shi nan take don kada in rage ko in ƙara. Kin ce ƙarshen watan nan Ummi za ta shiga wata na takwas, lokacin da ya kamata ta taho gida goyon ciki. Kin ce ba za ki kwantar da mai ciki, balle mai jego da ɗanyen jariri, a ɗakin da bangonsa ke gumi ba. Kin ce idan ranar talatin da ɗaya ta yi bango bai bushe ba, Darki za ki wuce da ita, gidan yayanki Alhaji Isyaku.

Ban ga laifinki ba, Hajiya, amma ki dubi nawa ɓangaren. Ummi ce 'yarmu ta fari, wannan kuma shi ne cikinta na fari. Daga ƙofar gidan nan zuwa asibiti minti bakwai ne a adaidaita sahu, sau uku na auna. Daga Darki kuwa ba na ko son in auna. Sannan a ce ina raye, ina da gida a Wudil, amma a yi wa 'yata wankan jego a gidan wani, ko da kuwa surukina ne, ban san da wace fuska zan shiga masallacin unguwa ba. A ɗakin nan kika yi goyonta. A cikinsa nake so in ji kukan jikana.

Yanzu ga bayanin matsalar a tsare. Kin san bututun gidan nan na jan ƙarfe ne, wanda Baba, Allah Ya jiƙansa, ya shimfiɗa da hannunsa lokacin yana ma'aikatar ruwa. Daga tankin da ke kan rufin sito yake saukowa, ya kwanta a cikin bangon ɗakin Ummi, sannan ya rabu biyu, reshe ɗaya kicin, ɗaya banɗaki. Shekara arba'in da shida bai taɓa zubar da ɗigo ɗaya ba. A watan Agusta, wata biyu bayan tafiyarki, na ga fenti ya ɗago, na ɗauka damina ce. Damina ta wuce, danshi bai wuce ba. Tun tsakiyar Satumba nake zagaye bakin danshin da fensir kowace safiya, in rubuta kwanan wata. Yau bangon yana da zobe ashirin da ɗaya, kowanne ya fi na jiyansa faɗi da kaurin yatsa.

Na kira mai gyaran famfo. Bai yi minti biyar ba ya ce a fasa bango, a zare jan ƙarfen a kai wa 'yan gwangwan, a sa na roba. Na sallame shi cikin mutunci. Wanda ya ambaci 'yan gwangwan kafin ya taɓa bango ba gyara ne ya kawo shi ba.

Sai na koma fayil ɗin ƙasiduna. Ƙasida ta tara, wadda na samo a baje kolin sana'o'i a Kano, ta jera abubuwa huɗu da ke huda bututun jan ƙarfe. Na huɗu ruwa mai tsami ne, wanda bai shafe mu ba, tunda babu gidan da ya kai namu tsabtar ruwa a unguwar nan. Na uku kuwa ƙusa ce. A nan dole in faɗi abin da ba na son faɗa: tsakiyar danshin tana kusa da ƙusar da kika sa aka kafa bara don rataye madubi. Ba zargi nake yi ba. Ba ki san ta inda bututun ya bi ba, kuma sakacina ne da ban zana miki taswirarsa ba. Na faɗa ne don ki san rami ɗaya ne, sanadinsa sananne ne, gyaransa kuma yana shafi na shida.

Sauran al'amuran gida suna tafiya bisa tsari. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci ina hawa sito in rataya alif, wanda wasu ke kira alimun, cikin 'yar jakar alawayyon nan a tanki, domin laka ta ruwan rijiyarmu ta kwanta, kamar yadda nake yi shekara goma sha ɗaya. Abu ɗaya ne ya dame ni. Da kina nan, safiyar Asabar nakan tarar da jakar wayam, ya narke tas. Yanzu sai ya kai Talata. Na tabbata mai sayarwa ya koma kawo marar kyau, don haka na ninka awon.

Ki kwantar da hankalinki. In Allah Ya yarda, kafin ranar da kika sa, bangon zai bushe. Ki shafa mini kan Ummi.

Ni ne mijinki,
Haladu Muhyiddeen.


Wudil,
Lahadi, 12 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Hajiya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wayi gari lafiya, ke da Ummi da maigidanta. Yaya ƙafar? Na ji daɗi da kika ce ta fara zagaya tsakar gida da yamma. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raba lafiya. Garzali ya ce kin karɓi takardata kin juya ta gaba da baya, kin tambaye shi ko littafi na rubuto. Wannan za ta fi gajarta.

Albishirinki: an toshe ramin, kuma da hannuna na toshe shi.

Jiya Asabar bayan karin kumallo na rufe makullin ruwa na gindin tanki, na buɗe duk famfunan gida har suka tsaya. Na janye gado, na shimfiɗa buhu, na sare filasta da guduma da cizal a hankali, faɗin tafin hannu biyu. Da na isa ga bututun sai na ga alamar fensir ɗin kafinta da Baba ya yi a jikin bulo, tana nan kamar jiya ya yi ta. Ramin bai fi bakin allura ba, da ɗan kore kewaye da shi.

Gaskiya ta wajabta in sanar da ke cewa ƙusar madubi ba ta taɓa bututun ba. Tsakaninsu yatsa uku ne, na sa rula. Mai yiwuwa girgizar guduma ce ta raunana wurin a ranar da aka kafa ta. Ban yanke hukunci ba tukuna, amma na ga bai dace in ɓoye miki awon ba.

Na aro kan wutar gas wurin mai gyaran firji, shi ya ba ni ɗan zoben jan ƙarfe da ake haɗa baki biyu da shi. Na yanke wurin ramin da zarto, na goge bakunan da samfefa har suka yi ƙyalli. Ƙasida ta yi gargaɗi cewa ɗigo ɗaya na ruwa yana hana dalma kamawa, ta ce a cusa tsakiyar burodi a cikin bututun ya tsare ɗigon, daga baya ruwa zai narkar da shi. Na san za ki yi dariya, ni ma sai da na karanta wurin sau uku. Na cusa, na hura wuta, dalma ta zagaye bakin ta yi fari fat. Da na buɗe ruwa, famfon kicin ya yi tari sau biyu, ya tofar da wani abu kamar kunu, sannan ruwa ya zubo garau. Na zauna a gaban haɗin da busasshen ƙyalle daga Azahar zuwa La'asar. Ko raɓa babu. Yatsana ɗaya ya ƙone, na sa masa man shanu, ba abin damuwa ba ne.

Akwai kuma abin da ya faranta mini rai fiye da gyaran. Da na janye gadon Ummi, sai ga babbar kwallarki mai furen shuɗi a ƙarƙashinsa, cike taf da alif. Hajiya, ban san kina yi mini irin wannan tanadi ba. Shekara da shekaru ina zaton ba ki damu da tsarin ruwan nan ba, har kin taɓa yi mini ƙorafi a kansa, ashe kina tara mana mai kyau a ɓoye saboda ranar da na kasuwa zai lalace. Na lura gutsattsarin sun yi sumul, gefensu a goge kamar an tsotsa, na gane irin mai saurin narkewar nan ne na da. Ban jira Juma'a ba, nan take na hau sito na ƙara hannu biyu a jaka. Allah Ya saka miki da alheri.

Yanzu saura bushewa. Na bar wurin a buɗe, taga a buɗe, fanka tana kaɗawa duk lokacin da aka kawo wuta. Bisa lissafina kwana goma sha biyu sun isa, ga rarar kwana bakwai. Kina iya fara haɗa kaya. Ki shaida wa Alhaji Isyaku na gode da karamcinsa, amma ba za a dame shi ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mijinki,
Haladu Muhyiddeen.


Wudil,
Asabar, 18 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, Ummi ma tana samun sauƙi, Saifuddeen yana lafiya. Ina roƙon ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki kai ƙarshenta kafin ki ɗauki waya.

Haɗin da na yi yana nan daram, wannan ina so a rubuta shi. Amma ranar Laraba sabon danshi ya fito kamu ɗaya daga gabas da shi. Ranar Alhamis wani ya fito ta yamma, kusa da ƙofa, inda babu ƙusa, babu madubi, babu wanda ya taɓa ɗaga guduma. Na tsaya da fensir a hannu na rasa wanne zan zagaye. Ban yi karin kumallo ba ranar. Na tuna kuma kiran da kika yi ranar Talata, kika ce in bar miki kwallarki, kika kashe waya. Na ɗauka rowa ce, Allah Ya yafe mini.

Jiya Juma'a da safe na rataya alif kamar kullum, sannan na shiga kasuwa neman Malam Tasi'u mai dalma, dattijon nan da ke liƙin butoci da lagireton mota a bakin rumfar maƙera. Ya san Baba, ya ce yana saurayi ya riƙe masa wuta a wani aiki. Bayan an sauko daga masallaci muka taho gida tare.

Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka ƙara sare filasta, ya bi bututun yana ƙwanƙwasa shi da bayan cokali yana sauraro. Ya duba haɗina ya ce wanda ya yi shi ya ɓarnatar da dalmar mutum uku, amma ba zai zuba ba har jikokinsa. Na karɓi wannan a matsayin yabo. Sai ya nemi guntun da na yanke makon jiya, wanda na ajiye a ambulan da kwanan wata. Ya tsaga shi a tsaye ya kai shi hasken taga. Hajiya, cikinsa duk ƙananan ramuka ne, kamar zanzana, da wani farin abu a kwance kamar alli. Ya ce wannan ba daga waje aka cuce shi ba, daga ciki ake cinsa. Ya ce an daɗe ana gatsarsa kaɗan-kaɗan, amma a 'yan watannin nan an zauna masa da gaske.

Zafi ya dame shi, ya nemi ruwan sha. Na tara masa a kofin gilashi daga famfon kicin, na ɗaga shi sama don ya ga yadda yake garau, har na fara yi masa bayanin tsarina. Ya kurɓa, ya fita tsakar gida da sauri ya tofar. Ya ce wane ne ya jiƙa baurin duniya a tankin nan, ya ce ko akuyarsa aka ba wa wannan sai ta kai ƙara wurin mai unguwa. Na ce masa ai wannan ɗan baurin shi ne ɗanɗanon tsabta. Ya dube ni kamar yadda ake duban marar lafiya, ya ce in kai shi tanki. Da ya jawo igiya ya ga jakar ta kumbura kamar cikin ɗan tsako, ya yi salati. Ya ce alif kaɗan yana kwantar da laka, mai yawa yana tsamar da ruwa, ruwa mai tsami kuwa shi ne maƙiyin jan ƙarfe. Ya ce abin mamakin ba yoyon ba ne, abin mamakin shi ne yadda bututun ya kai shekara goma sha ɗaya a haka, sai dai in wani bawan Allah yana rage masa azaba a ɓoye.

Ina tsaye a kan rufin, idona ya sauka kan tabarmar da kike shanya kuɓewa, tana naɗe a gefen tanki. Nan na gane komai a jere. Ranar Juma'a kike shanya, bayan na tafi masallaci. Jakar da nake tararwa wayam ranar Asabar ba narkewa take yi ba, ke kike juye ta bayan ya yi awa ɗaya ko biyu, daidai gwargwadon da laka za ta kwanta. Gutsattsarin kwalla sun yi sumul ne domin sun taɓa shiga ruwa an tsamo su. Nawa ne, ni na sayo su. Kika tafi, babu mai tsamowa, na kuma ninka, sannan na kwaso abin da kika tsame na mayar.

Na sauko na buɗe ƙasida ta huɗu, wadda aka ba mu a taron tsabtar muhalli. Ba ta yi ƙarya ba. An rubuta ta ne domin masu ɗebo ruwan kogi a randar ƙasa: ɗan gutsure kamar ƙwayar wake, a juya, a jira, a tsiyaye. Ni ne na lissafa randa nawa ke cikin tanki na ninka, na ƙara kaɗan saboda tsantseni, na bar shi kwance har mako. Ba ta yi maganar bututu ba domin waɗanda aka rubuta wa ba su da bututu. Ƙasida ta tara kuwa ta faɗa ƙarara, ni na tsallake layin.

Saboda haka ina janye maganar ƙusa gaba ɗayanta, har da girgizar guduma. Ni na cinye bututun mahaifina, ke kika yi ta kare shi daga gare ni. Na yi tunanin in gyara in yi shiru, tunda busasshen bango kawai kika nema. Amma da ruwan nan za a yi wa Ummi wanka kwana arba'in, da shi za a wanke jariri. Ba zan ɓoye miki abin da ya shafi fatarsu ba, ko da zai sa ki zaɓi Darki.

Duk da haka ban karaya ba, don yanzu na san maƙiyin, kuma yana hannuna. Malam Tasi'u ya ce ɓangaren da ke tsaye daga tanki lafiyayye ne, da rassan nan biyu. Wanda ya kwanta a bango ne ya lalace, inda farin abin yake taruwa, kamu takwas. Gobe zan shiga Kano wurin masu kayan firji in samo sabon jan ƙarfe. Za mu bi da shi ta bayan ɗaki, a fili, inda ido zai riƙa ganinsa. Tankin kuwa na zubar da ruwansa jiya, na wanke sau uku. Kwana goma sha uku suka rage, kuma sun isa.

Ina jiran amsarki a rubuce, ko layi ɗaya ne.

Mijinki mai neman afuwa,
Haladu Muhyiddeen.


Wudil,
Litinin, 27 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ki yi haƙuri da takarda ta huɗu. Yaya gajiya, yaya bayanki? Yaya Ummi da nauyin jiki? Na ji likita ya ce za ta iya tafiyar mota in an bi a hankali, na yi hamdala. Ina gaishe da Saifuddeen.

Garzali ya kawo mini amsarki ranar Laraba. Layi tara ce, na ƙirga. Kin ce sau uku kika faɗa mini a shekarar farko cewa ruwan yana tsinka madarar shayi, yana sa Ummi ƙaiƙayi, sabulu ba ya kumfa. Kin ce a na ukun na zaunar da ke na karanta miki ƙasidar daga bango zuwa bango, har da adireshin maɗaba'a, daga ranar kika ga hawa sito ya fi sauƙi. Kin ce ba ki san komai game da bututu ba, shayinki kike karewa. Kin ce kwallar da na gani ita ce ta goma sha wani abu, sauran Bilkisu ta yi rini da su. Na aika mata da wannan ma, ta ce a gaya miki bana an yi mata jinkiri. Duk abin da kika rubuta na tuna shi, kuma haka aka yi.

Ga rahoton aiki. Mun gama shimfiɗa sabon bututu ranar Talata. Haɗi biyar ne, Malam Tasi'u ya yi huɗu, ya bar mini na ƙarshe yana tsaye a kaina yana cewa in rage hannu. Kwana shida ke nan ana ruwa, babu ɗigo. Tsohon na zare shi daga bango, ban kai wa 'yan gwangwan ba, yana sito a naɗe cikin buhu. Magini ya kankare jiƙaƙƙiyar filastar duka, muka bar bulo ya sha iska da kaskon gawayi, sannan ya yaɓa sabuwa. Yanzu da jan fensir nake zagayawa, kuma zoben ciki yake komawa. Na manna leda a bango ta yini ta kwana: a karon farko ta yi gumi, a na biyu kaɗan, shekaranjiya ta fito a bushe ƙarau. Saura wuri ɗaya a kusurwar ƙasa ta bayan ƙofa, faɗin tafin hannuna. Yana raguwa da yatsa biyu kullum, don haka Laraba zai ɓace. Da ban faɗa ba ba za ki gan shi ba, amma na faɗa.

Ruwan ya ɗan yi duhu kaɗan tunda babu alif a tanki. Jiya na haɗa shayi da madara, ba ta tsinke ba. Hajiya, wata huɗu ina zargin mai kanti.

A layinki na ƙarshe kin ce in sa a kawo itace amalanke biyu, a wanke babbar tukunya, a yi magana da mai ganyen darbejiya. Ba ki rubuta Wudil ba, ba ki rubuta Darki ba. Na karanta layin sau bakwai. Na san babu mai ɗaukar itace daga gari ya kai ƙauye, don haka itace ya iso tun Alhamis, an jera shi a rumfa, tukunya tana kife tana jira. Na mayar da gadon Ummi wurinsa, na rataya madubinki a ƙusarsa. Zuciyata ta tabbata, amma kin san halina, sai na gani a takarda.

A cikin ambulan ɗin nan za ki tarar da 'yar jakar alawayyo, wankakkiya, da igiyarta. Taki ce daga yau.

Ina roƙon ki amsa mini waɗannan a rubuce, ki ba Garzali gobe:

1. Ki rubuta sunan garin da za ku sauka, da ranar, da lokacin da za ku taso, domin in tsaya a tasha da adaidaita sahu mai lafiyayyiyar kujera.

2. Ki faɗa mini ko amalanke biyu za su kai kwana arba'in, don lissafina ya ba ni talatin da uku.

3. Ki rubuta cewa kin yafe maganar ƙusa. Na san kin yafe, amma ni a rubuce na yi ta.

4. Ki rubuta mini da hannunki yadda za a riƙa yi da ruwan gidan nan: a sa alif ko kada a sa, in za a sa kamar me, ya yi minti nawa, wa zai tsamo. Kada ki taƙaita. Na buɗe fayil ɗin ƙasidu na bar mata wuri a sama, gaban ta ɗaya, kuma na yi alkawarin ba zan ninka komai ba.

Allah Ya kawo ku lafiya, Ya sauki Ummi lafiya a ɗakinta.

Ni ne mijinki, mai jiran amsa,
Haladu Muhyiddeen.